Tsinken Baba da Ƙafar Inna

Duk macen da ta fito daga tsatson kakata ta wajen uwa, in ta cire takalmi za ka gane ta. A gindin babban yatsanta, ta gefen ciki, akwai wani ƙululu da ya turo waje, shi kuma yatsan ya karkata ya jingina da na kusa da shi kamar fasinjan da barci ya kwashe a mota. Mu a gida goro muke ce wa wannan ƙululu. Na kakata madaidaici ne, ba ya damun kowa. Nawa a lokacin ɗan minu ne, bai kai a kalla ba. Na Inna, mahaifiyata, shi ne marsa, irin wanda ake zaɓa a kai gaisuwar manya, kuma a ƙafa biyu Allah Ya ba ta.

Inna 'yar tsallake ce. Ƙauyensu yana bayan shingen iyaka kaɗan, a ƙasar Nijar, mu kuma a Magamar Jibiya muka tashi, inda Baba ya kawo ta. Tsakanin gidanmu da ɗakin kakata tafiyar hantsi ce ga mai lafiyar ƙafa. Tun da na yi wayo ban san Juma'ar da Inna ta fasa wannan tafiya ba, in ba haihuwa ko ruwan sama mai ƙarfi ba. Kakata ta tsufa, idonta ya yi rauni, kuma Inna ce kaɗai ɗiya mace da ta rage mata. Ita ke yi mata kitso, ta yanke mata farce, ta wanke mata zannuwa, sannan su zauna su tattauna mutanen ƙasa biyu har la'asar. Mota ba ta shiga ƙauyen saboda rairayi, kuma ko tana shiga Inna ba za ta hau ba, don matar direba ce da ko warin fetur ta ji sai cikinta ya juya. Babur kuwa ta ce ita ba za ta ɗare bayan yaron da ta je barkar haihuwarsa ba. Saboda haka da ƙafa take zuwa, da ƙafa take dawowa.

Baba direban hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ne tun yana saurayi. Da bayansa ya fara ƙara ya ajiye tuƙi, ya koma kamasho a tashar da ke bakin shinge, yana loda motoci yana cika wa duniya kunne. Mutum ne mai baki. Ma'aikatan kwastam na wannan gefe da 'yan duwan na wancan gefe duk ya laƙa musu sunaye, kuma duk suna amsawa. Amma da ya sa ƙafa a zauren gida sai magana ta ƙare masa. Abin da ke shiga tsakaninsa da Inna bai wuce "Ke, ruwa" da "Ke, na tahi" ba. Ba faɗa suke ba, haka mazan zamaninsu suke, kunyar matansu suke ji kamar surukai. Abu guda yake yi mata da ya fita daga wannan layi: duk Sallah, ƙarama da babba, sai ya kawo mata takalmi daga Maraɗi.

Ba kowane takalmi ba. Sau-ciki ne na fata mai sheƙi, mai tsinin baki, mai 'yar dunduniya, irin wanda ya ga matan manyan ma'aikata suna ƙwas-ƙwas da shi a Maraɗi yana yaron mota. Tun a lokacin ya yi wa kansa alkawari cewa in ya yi aure matarsa ba za ta taka ƙasa da abin da bai kai wannan ba. Baba kuwa in ya yi alkawari, ko wanda aka yi dominsa ya yafe, shi bai yafe ba.

A wajenmu ba a kai mace kasuwa gwajin takalmi, balle amarya. Tsinke ake aikawa. A zari tsinken tsintsiya, a ɗora daga dunduniya zuwa bakin babban yatsa, a karye daidai wurin, a ba mai zuwa kasuwa. Shi kuma ya dinga zura shi cikin takalma har ya sami wanda tsinken ya kwanta a ciki. Lokacin haɗa lefen Inna, gwaggona, yayar Baba, ita ta tsallaka ta auno ƙafar amarya. Wannan tsinken Baba ya naɗe da salatif don kada ya karye, ya adana a jakar takardun mota. Lasin ya ƙare an sabunta, motoci sun mutu an sayar wa 'yan gwangwan, tsinke yana nan. Shekara talatin da ɗoriya da shi yake sayen takalmin Inna.

Matsalar tsinke ita ce tsawo kawai ya sani, bai san faɗi ba. Kuma ƙafar da aka auna ta budurwa ce, wadda ba ta taɓa ɗaukar tulu da goyo da ciki a lokaci guda ba. Ta Inna kuwa ta ɗauki cikinmu duka, ta baje, goro ya nuna. Na taɓa ce wa Baba ko za a sake awo. Ya kalle ni kamar na ce a ɗaga iyakar ƙasa a matsar da ita gaba. Ya ce, "Ƙahwar babba girma take? Ke dai boko ya ɓata ki."

Ranar jajibiri zai shigo da leda, ya ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, ya kalli sama ya ce, "Ke, ga wanga." Inna ta fito ta durƙusa, ta buɗe, ta yi ta juya takalmin a hannu tana shafawa. "Kai, Malam, kamar a ƙahwata anka ɗinka shi. Allah Shi ƙara buɗi." Shi kuma ya ce "Uhm," ya fice da sauri kamar an kira shi a waje. Amma mu da ke bayansa muna ganin ko ƙeyarsa murmushi take.

Ranar Juma'a dole Inna ta bi ta gaban tasha, domin a nan Baba ke ba ta tsarabar tsohuwa, sukari da sabulu, kuma ya ce iyalinsa ba sa bin ɓarauniyar hanya, ta ƙofa suke shiga ƙasar mutane. Saboda haka tun daga gida take saka sau-ciki a kan safa, ta taho a hankali, ta ɗaga wannan ta ajiye kafin ta ɗaga waccan, ta gaishe shi, ta karɓi leda, ta wuce shingenmu, ta wuce rumfar jandarmomi. Ba mai tambayarta takarda, kowa ya san ta. Da ta sha kwanar wata tsamiya inda idon tasha ba ya kaiwa, sai ta zauna a kan saiwa, ta zare takalmin tana ambaton Allah, ta ciro wasu manyan silifa daga ƙasan jaka ta zura. In ta hango rumbunan ƙauyensu kuma ta sake zama ta mayar da sau-ciki, don danginta su ga irin riƙon da ake yi mata a Najeriya. Da yamma a maimaita komai a juye.

Kowa yana da nasa bayanin a kan goron Inna. Gwaggona ta ce ciwon mutanen tsallake ne, su a danginsu ƙafa santala-santala ce, ba su san wannan abu ba sai da suka auro shi. Baba kan ce a tasha, cikin raha, ai wannan ƙafa fasa-ƙwaurinta aka yi, ta shigo ƙasa ba ta tsaya a teburin kowa ba. Iyakar saninsa da goron ke nan, abin ba'a. Bai taɓa durƙusawa ya duba ba, a gida kuma zanin Inna har ƙasa yake, safa ba ta barin ƙafarta in yana nan. Kakata ta ce duk ƙarya ce, lafiya lau ta ba da ɗiyarta, ƙasar Najeriya ce da tauri, duk kwalta da siminti. Wata maƙwabciyarmu 'yar Bugaje ta rantse sammu Inna ta taka a mararraba. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho a wurin ya zuƙo jini, ya nuna mana ya ce ga mugun abin nan ya fito, washegari goro ya ƙara kumbura don haushi. Wani mai ɗori daga Gangara ya ce gocewa ce, ya kama yatsan ya ja har Inna ta kira kakanninta, ya ɗaure da kara da tsumma. Da aka kwance, yatsan ya koma inda ya saba kwanciya.

Ni ce auta, kuma ni na ɗauko bakin Baba kaf. Na zama malamar firamare a cikin garin Jibiya, tsayuwa a gaban allo daga safe har azahar, cikin takalman gayu da nake saye da kaina, ba ni da ko tsinken da zan ɗora wa laifi. Sai nawa goron ya fara magana. Da fari in na tashi daga makaranta ne, daga baya har a cikin aji, ina koyar da lissafi ina ɗaga ƙafa ɗaya kamar kaza a kan ƙasa mai zafi. Na shirya na tafi asibiti a Katsina, aka tura ni wajen wata likitar ƙashi, mace mai fara'a da ba ta gaggawa.

Ta sa na jiƙa ƙafata na taka wani kwali. Sawun ya fito cif, ba inda ya rage. Ta nuna mini hoton sawun da aka saba gani, ga shi da rami a gefen ciki kamar an gutsira. Ta ce tafin ƙafa an gina shi da 'yar lanƙwasa a tsakiya, ita ke karɓar nauyin mutum ta raba shi tsakanin dunduniya da gindin yatsu. Tawa lanƙwasar a kwance take. Don haka duk takun da na yi sai ƙafar ta faɗa ciki, nauyi ya tattaru a gaɓar babban yatsa, kuma da gefen yatsan nake tunkuɗa ƙasa maimakon da cikinsa. A hankali dogon ƙashin da ke bayan yatsan ya buɗe ya yi waje, yatsan kuma ya kwanta wajen 'yan'uwansa. Goron da muke gani ba wani sabon abu ne ya tsiro ba, kan wannan ƙashin ne ya leƙo. Da zarar gaɓar ta goce kuma, jijiyoyin da ke jan yatsan ba sa ja a miƙe, sai su dinga ƙara karkatar da shi. Ni 'yar direba ce, nan take na gane, motar da saitinta ya goce gefe guda take cin taya. Na juya takalmina na duba, ga shi ya cinye ta ciki.

Na ce mata, to gado ne ko takalmi? Ta ce ginin ƙafar ake gada, da sakin gaɓoɓi, shi ya sa yake bin gida, kuma ya fi bin mata. Takalmi mai matsi ba lallai shi ya fara aikin ba, amma yana ƙara masa gudu, kuma shi ke kawo yawancin zafin, domin dunduniyarsa tana tura nauyi gaba, bakinsa kuma yana tattara yatsu ya matse. Sai na tuna kakata, wadda ba ta taɓa rufe ƙafarta a cikin komai ba, ga goro tana da shi amma ba su taɓa faɗa ba. Likitar ta ce ƙashin da ya goce ba ya komawa sai da tiyata, kuma ba kowa ke buƙatarta ba. Abin da ake so shi ne takalmi mai faɗin baki, mai taushi, da ɗan abin da zai tallafi tsakiyar tafin. Na ciro waya na nuna mata hoton ƙafar Inna, wanda na ɗauka a sace tana barcin rana. Fara'ar likitar ta ragu. Ta ce, "Wannan in aka ci gaba da matse ta, tafiyar nesa za ta gagare ta, kuma ba da daɗewa ba."

Na dawo gida da zafina, ko mayafi ban cire ba. Na sami Inna tana tankaɗe a tsakar gida.

Na ce, "Inna, likita ta ce takalmin Baba ne ke kashe miki ƙahwa."

Ta leƙa wajen zaure, ta ce, "Rage murya, mai bakin tasha."

Na zauna na zayyana mata komai, lanƙwasa da ƙashi da jijiya, har na jiƙa ƙafata na taka siminti don ta gani. Ta saurara tana tankaɗenta har na gama. Sannan ta ce, "To ai na sani. Ƙahwar a jikina take."

"Kin sani kike sakawa? In ta gagare ki, wa zai je wa tsohuwa?"

Ta ajiye rariya. "Auta, mutumen ga bai iya cewa sannu ba. Tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa jin ta a bakinshi ba, ko ranar da na haihe ki. Takalmin ga shi ne sannunshi. In ce mishi mi? In ce duk wadda ka yi mini ciwo ta ji mini?"

"To ni zan hwaɗa mishi."

"In kika hwaɗa mishi ban yahe miki nonon da kika sha ba."

Na tashi raina a ɓace, ina jin haushinsu su duka biyu, shi da bai duba ba, ita da ba ta nuna ba, kuma a ƙarƙashin haushin tsoro ne, don na san ranar da Inna ta kasa zuwa wajen uwarta ba ƙafa kaɗai za ta kwanta ba. Na sayo mata takalmi mai faɗi irin wanda likita ta ce. Ta yi godiya, ta juya shi, ta ce kamar kwale-kwale. Juma'ar da ta biyo ta kai wa kakata, ita kuma ta rataye shi a bango don kada ya yi datti.

Sai sauƙi ya zo mata ta inda ba a zata ba, aka rufe iyaka. Ba na wasa da wannan lokaci, mutane sun sha wuya, har da mu. Tasha ta mutu, 'yan dako suna kwance a ƙarƙashin manyan motoci, Baba yana zaune a benci ba shi da wanda zai yi wa ihu sai ƙudaje. Amma gaskiya ita ce a duk Magama akwai mutum guda da abin ya yi wa rana. Ba zuwa Maraɗi, ba sabon takalmi. Ba bi ta ƙofa, don haka Baba da kansa ya kau da kai, Inna ta bi hanyar gonaki tare da sauran mata, da silifanta tun daga bayan gida. Sau-ciki ya koma na shiga ƙauye kawai. Goron ya huce, jan ya washe, har ta fara dawowa da ragowar ƙarfin yi mana faɗa. In mata sun taru suna roƙon Allah Ya sa a buɗe, Inna takan ce amin, amma a hankali.

Ranar da aka buɗe iyakar, gari ya ɗauki murna, Baba kuwa ya hau motar farko da ta nufi Maraɗi. Ya dawo da leda mai nauyi. Ramuwar Sallolin da suka wuce ya yi, takalma har biyu, kuma samfurin da ake yayi a wannan karon bakinsa ya fi na da tsini. Ƙafar da ta sha iska kuwa ta ƙara bajewa. Inna ta durƙusa ta yi godiyar da ta saba, kalma ɗaya ba ta rage ba. Juma'ar farko ta dawo da gyambo a kan goron dama, ta ɓoye. Ni na gani a safa ranar wanki. Da Juma'a ta sake zagayowa muna hutun makaranta, na ce ƙafata ƙafarta. Sai da muka sa leda a kan safa kafin takalmin ya yarda ya shiga, tana zufa ina zufa.

Bayan buɗewar an kawo sababbin ma'aikata bakin shinge, waɗanda ba su san kowa ba. Cikinsu akwai wata matashiya mai kaki, ba 'yar wajenmu ba ce, Hausarta ta bariki. Mun gaida Baba, mun karɓi sukari da sabulu, mun nufi shinge, Inna tana jan ƙafar dama. Matashiyar ta bi ta da kallo, idonta ya sauka a kan takalmin, wanda ya kumbura ta gefe kamar an cusa masa wani ƙulli. Ban ga laifinta ba. A kwanakin ana yawan kama ƙwayoyi a cikin safa da takalma, kuma ko ni ce a wurinta abin da zan zata ke nan. Ta karɓi jakar Inna ta ɗora a tebur, sannan ta nuna ƙasa.

"Mama, cire takalmi."

Inna ta ce, "Ɗiyata, ba komi ciki sai ƙahwa."

"Cire mu gani, Mama."

Kafin in buɗe baki sai ga Baba ya taso daga tasha, babbar riga tana tashi, direbobi da 'yan dako suna biye da shi don sun san za a yi kallo. Tun daga nesa yake magana. "Wagga iyalina ce! Tun kahin a haihe ki take wuce shingen ga! Takalmin ga ni na sawo shi Maraɗi da hannuna, ba a taɓa kama gidana da ko ashana ba!" Ya iso yana haki, ya juya wajen Inna da cikakken ƙarfin zuciyar wanda bai san komai ba. "Ke, hidda shi ki gwada mata, ta ji kunya."

Inna ta kalle ni. Na kalli sama, ni dai ba ni na faɗa ba. Aka turo mata benci ta zauna. Ta ja takalmin, ya ƙi. Na durƙusa na kama dunduniyar na murɗa, ta cije leɓe, na ƙara ja, sai ya fito gaba ɗaya da leda da safa, na koma da baya na zauna a ƙasa da shi a hannu.

Goron ya yi jawur, fatar kansa ta saɓule, jini da ruwa suna tsattsafowa. Babban yatsan ya shige ƙarƙashin na biyu, na biyun ya hau kansa ya lanƙwashe, ga shatin ɗinkin takalmin kwance a fatar har gefen dunduniya. Matashiyar ta dafe baki ta ce, "Ayya, Mama, yi haƙuri, ban sani ba." Don ta sami abin yi da hannunta sai ta hau mayar da kayan da ta riga ta fito da su daga jaka, sukari, sabulu, matsefi, sai ga wasu silifa shuɗaye, manya, na maza, an ɗaure maɗaurin ɗaya da waya.

Wani direba ya ce wa Baba, "Kai, waɗanga ba su ne silihwan da anka sace maka a masallaci ba?"

Su ne kuwa. Shekarun baya Baba ya neme su ya rasa, ya yanke hukunci a ƙofar masallaci aka ɗauke, ya shafe rani guda yana yi wa ɓarawon addu'o'i a tasha, har ya daina gaisawa da wani bawan Allah ɗan Daddara da ya yi sallah kusa da shi. Wani ɗan dako ya ce to ga ɓarawon masallaci an kama a bakin iyaka. Dariya ta ɓarke, har matashiyar ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Ni ma na yi, ina zaune a ƙasa, hawaye na zubo mini, ban san na wanne ba ne.

Baba bai yi dariya ba. Tun da nake ban taɓa ganinsa a tasha bakinsa a rufe ba sai ranar. Ya kalli ƙafar, ya kalli silifan, ya karɓi takalmin daga hannuna ya leƙa cikinsa, ya sake kallon ƙafar. Dariyar mutane ta mutu da kanta. Da ya yi magana, muryar ba ta tasha ba ce.

"Tun yaushe?"

Inna ta ja bakin zani tana neman rufe ƙafar, kanta a ƙasa. Ta ce, "Tun na lehe."

Tausayin Baba ya kama ni fiye da nata, don ita ta daɗe da sanin ciwonta, shi yanzu nasa ya fara. Ya miƙa hannu ya ɗauki silifan daga tebur. Sannan ya tattare babbar riga, ya durƙusa a gaban mutanen da yake yi wa ihu kullum, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ajiye su a gaban ƙafafunta, ya juya mata su yadda ake juya wa malami takalmi in zai fito daga zaure. Direbobi duk suka tuna suna da abin dubawa a motocinsu. Na cire mata na hagun, matashiyar ta kawo auduga muka rufe gyambon.

Baba ya miƙe, ya kalli wajen Nijar, ya ce, "Ke, tahi, tsohuwa na jira."

Inna ta zura silifan, ta ɗora jaka a ka, ba ta kalli kowa ba. Aka ɗaga mata shinge. Taku na farko da na biyu ta yi su a hankali, don kunya, daga nan ƙafa ta sami wuri. Na tsaya tattara leda da safa, kafin in ɗago ta wuce mai baro, ta wuce wasu mata biyu masu tallan fura, ta cim ma wani amalanke tana neman ya ba ta hanya. Baba yana tsaye da takalmi ɗaya a hannu, yana kallonta.

Ya ce, "Auta, ashe haka uwarku take da sauri?"

Na ce, "Haka take, Baba."

Ya cire hula ya goge fuska da ita, ya mayar a karkace.

"Ni duk zaman ga," in ji shi, "na ɗauka yanga ce take mini."

Sai ya juya ya ba ni baya, ya hau yi wa wani direba faɗa a kan kayan da aka ɗaure lafiya lau.